Ƙugiyar Baƙi

A Sokoban, bayan rumfunan masu yankan katako,
inda garin itace ke faɗa wa shayi ba sallama,
nake da benci ɗaya, da zarto, da wuƙaƙe uku,
da buhun guntayen da manyan kafintoci suka raina.

Itacen nan sunansa wawa.
Haka Asantawa ke kiransa, ba zagi ba ne.
Fari ne, mai laushi, ba ya musu da wuƙa,
abin da ka ce ya zama, shi yake zama.
Ashe dai sunan bai ɓata ba.

Ran Talata Hajiya Lariba ta zo daga Aboabo.
Shekara tara tana dafa wake da shinkafa a bakin titi,
bana ta rufa falonta, ta sa kanta a saman talabijin,
tana son kalma uku su zauna a kai:
MARABA DA BAƘI.
Ta ce ta zaga Kejetia har ƙafa ta kumbura,
haruffan roba ga su nan tuli,
amma duk K ɗinsu babu ƙaho.
"In na jera waɗannan, baki na yi wa maraba,
shi kuwa bakin mutane, ka sani, ba ya jiran gayyata."

Goma sha biyu ne.
Na yanka su kamar sabulun wanki,
na bi kusurwa da samfefa kada su ciji hannun jika.
A guda biyar sun fito kafin la'asar,
kama ɗaya, kamar 'ya'yan ɗaki guda.
M ya ja ni da gardama, R ya ci mini ɗan yatsa.

Sai Ƙ.
Na kai wuƙa kan lanƙwasar, ƙugiya ta ɓalle.
Na sake yanka. Ta sake ɓallewa,
ta faɗa cikin gari, ƙarama kamar yankan farce.

Agyapong mai kujeru ya leƙo yana suɗar kwakwa.
Ya ce, "Tahiru, wannan ƙahon na mene ne?
Yaran Zango ma ba na ji suna faɗarsa."
Ban amsa ba, don bai yi ƙarya ba.
Mumuni ɗana kafa yake ce wa ƙafarsa,
ni ma sai na tsaya na nemo ta a maƙogwaro.
Kakana ne ya zo da ita daga arewa,
a bayan jakai, shekarun fataucin goro,
in ya ce ƙofa, sai ka ji sakata ta motsa.
Ya bar mana buta, da tasbaha, da wannan ƙaramin sauti,
butar ce kawai ba ta yoyo.

Agyapong ya koma, ya dawo da guntun odum,
mai duhu, mai nauyi, mai taurin kai.
Ya ce, "Wawa ba ya riƙe abu siriri."
Kwana biyu na yi a kansa.
Na wasa wuƙa sau shida.
Ƙugiya ta tsaya.

Da na jera su a benci, sha ɗaya farare,
ɗaya a kusa da ƙarshe ya yi duhu shi kaɗai.
Na ɗauko fenti in daidaita su,
Hajiya ta riƙe mini hannu.
"Bar shi. Baƙi ne, kuma baƙo ne,
a fuska ake gane shi."
Sannan ta rage mini sidi goma, don ciniki ciniki ne.

Guda biyun da suka karye suna aljihun Mumuni.
A mota, hanyar gida, ya fito da ɗaya,
yana shafa gurbin da babban yatsa,
yana gwada wani abu can ƙasan murya,
har yaron mota ya juyo
ya tambaye ni ko ƙaya ce ta maƙale masa.