Huwaila Ya Zo

Ranar farko, a aji ɗaya,
na buɗe rajista na ce, "Huwaila ya zo?"
Yara talatin da biyu suka kwashe da dariya
har wani ya faɗo daga kan benci.
Huwaila ta miƙe, takalmi a juye, allo a hammata,
ta ce, "Malama, ni ba namiji ba ce."

A Zangon Kumasi, inda aka binne cibiyata,
Hausarmu ba ta ware mace daga namiji.
Kowa ya zo, kowa ya tafi,
uwata ma, ya dafa tuwo.
Na taho Katsina da takardar shaida a jaka
in koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali,
ashe ni ce ɗalibar da ta fi kowa tsawo a ajin.

Ɗakina yana Rafin Daɗi, ciki ɗaya, taga ɗaya.
Da safe in tsaya gun mai ƙosai
ina juya naira zuwa sidi a cikin kaina
har mai ya huce a kasko.
Baba Ɗangoje mai gadi kullum tambayarsa guda:
da gaske ruwan teku ba ya shawuwa?
Na ce masa sau biyu na taɓa ganin tekun,
bai yarda ba.

Barira ce ke da aji biyu, bango ɗaya tsakaninmu.
In alli ya ƙare mini, sai in ƙwanƙwasa,
ta karya nata, ta aiko yaro da rabi.
Lokacin tara mukan zauna gindin dalbejiya,
ita da garau-garau,
ni da wake da shinkafa irin namu, na karan dafi.
Ta leƙa kwanona ta ce,
"Shinkafarki wa ya ba ta kunya ta yi ja haka?"
Ta ɗanɗana yajina, ta yi hawaye,
ta zage ni, ta ƙara loma.

Watan da albashi ya maƙale
ban faɗa wa kowa ba.
Na dai tarar da dubu biyar a naɗe
cikin littafin darasina, shafin lissafi.
Na tambaye ta, ta ce ita ba ta iya lissafi ba.

Na ɗaure igiyar takalmi ta fi ɗari.
Na raba faɗa a kan murfin biro.
Na ajiye haƙorin Nazifi a takarda
don ya kai wa kakarsa.
Mudassir har yau yana rubuta uku tana kallon baya,
ya ce kunyata take ji.

Wata Laraba sai ga uwar Huwaila, mayafi a kafaɗa.
"Ke ce malamar?
'Yata ta dawo gida tana cewa inna ya yi barci,
akuya ya haihu, amarya ya yi kyau!"
Na sunkuyar da kai ina neman abin faɗa.
Ita ta fara fashewa da dariya.
Ran Juma'a ta aiko mini da fura a ƙwarya,
da saƙo: a ba Malama, ya sha.

Jiya da dare na kira gida.
Layin yana yankewa, murya tana zuwa gutsure-gutsure.
Na ce, "Mma, Barira ta gaishe ki, ta ce za ta zo."
Ta yi shiru.
Can ta ce, "Fusena, wa ya cika maka baki
da ta-ta-ta kamar mai koyon tafiya?"

Na kwanta ina dariya ni kaɗai,
sai na ji matashin ya jiƙe.
Gobe akwai wasulla biyar,
kuma ban yanka kwalin ba tukuna.