Zalɓen Tafkin Inle

Ƙanena Nyein Zaw ya ce shi zalɓe ne.
Ba da wasa ya faɗa ba. Yana ɗinkin koma ya faɗa,
kamar mai cewa shinkafa ta nuna.

Tun yana ɗan shekara huɗu
muke tarar da shi da asuba a ƙarshen tsani,
inda gidanmu ke tsaye bisa gora a tsakiyar ruwa,
ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a naɗe,
wuya a miƙe, ido ba ƙiftawa.
Inna ta kira sunansa har sau uku, shiru.
Sai ta tafa hannu yake waiwayowa,
waiwayen abin da ke shirin tashi.

Baba ya ce, to ina abin mamaki?
Kowane masunci a tafkin nan da ƙafa ɗaya yake tsayawa,
ɗayar ta rungumi filafili.
Ya faɗa da ƙarfi, ƙarfin da ya wuce maganar.

Likita a Taunggyi ya haska masa ido,
ya saurari ƙirji, ya ce lafiya lau,
ya karɓi kuɗin tumatir na wata guda.

U Kelatha, tsohon haikali mai jan mayafi,
bai yi dariya ba.
Ya ɗauki kyandir ya kunna wani kyandir da shi.
Ya ce, wannan wutar, ita ce ta ɗazu ko wata ce?
Muka yi tsit.
Ya ce, dukanmu mun sauya riga ba adadi,
mafi yawa mun manta.
Amma tukunyar da ta dafa kifi,
ko an wanke ta, hanci ya sani.

Kaka Daw Pyone ce ta fasa ƙwan,
ran da zazzaɓi ya kwance mata baki:
damina ɗaya kafin cikin Nyein Zaw
wani zalɓe ya addabi tarkon Baba.
Bugu ɗaya, da filafili.
Gashinsa ya kwana uku yana yawo a ƙarƙashin ɗakin Inna.

Ni ban sani ba.
Wataƙila yaro ya kalli tsuntsu har ya shige shi,
wataƙila tsuntsu ne ya biyo bashi
ya iske ƙofa a buɗe.

Na taɓa tambayarsa, me kake tunawa?
Ya ce, sanyin laka a tsakanin yatsu.
Yunwa mai tsabta, wadda ba ta san gobe ba.
Da nauyin wani abu a nan,
ya taɓa bayan kafaɗa,
wanda kullum nake neman buɗewa.
Na ce, fuskar wani fa?
Ya daɗe yana kallon ruwa.
Ya ce, zalɓe ba ya riƙe fuska.

Yanzu shekararsa ashirin da shida.
Katinsa na hukuma ya ce mutum,
baƙi na ɗaukar hotonsa suna biya.
Baba ya tsufa, hannu na rawa, ido ya yi hazo.
Kowane dare Nyein Zaw ke zama gabansa
yana zare masa ƙaya daga kifi,
ɗaya,
bayan ɗaya,
da haƙurin mai tsayuwa a ruwa.

Baba na ci, kansa a sunkuye.
Filafilin nan na rataye a bango.
Ba wanda ya ƙara saka shi a ruwa.