Wanda Ya Buga Ƙofa

A Pinar del Río, inda ganyen taba
ke rataye a rumfa yana shan iska,
shekara tara na yi ina naɗa sigari,
ni Casilda, 'yar mai facin taya,
ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Mu saba'in ne a zaure guda,
kowa da katakonsa da 'yar wuƙarsa.
A tsakiya akwai doguwar kujera
wadda tsoho Evaristo ke hawa da safe,
ya goge tabarau da bakin riga,
ya yi gyaran murya sau biyu.
Mu ke biyansa, karo-karo daga ladanmu,
ya karanta, mu yi ta naɗi.

Da hantsi jarida:
farashin sukari, wa ya mutu, wa ya ci zaɓe.
In rana ta karkata, sai littafi.
Idan labari ya yi daɗi ba ma tafi,
hannu na kan ganye,
sai dai mu ƙwanƙwasa wuƙa a katako,
zauren ya ɗauka kamar ƙanƙara a kan kwano.

Daminar nan labarin wata mata yake ja mana,
mai kunna fitila a bakin teku,
ƙanenta ya tafi su bai dawo ba.
Ranar wata Alhamis, cikin labarin dare ya raba,
aka buga mata ƙofa.
Evaristo ya sa ganyen taba a tsakanin shafi,
ya rufe.
Ya ce, sai gobe.

Goben ba ta zo da shi ba.
Ɓarin jikinsa ya shanye cikin dare,
harshen ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu.
Aka kawo wani saurayi mai zaƙin murya,
ya buɗe nasa littafin daban.
Kowa ya bi sabon labari.
Ni ce kawai aka bari tsaye a bayan ƙofa,
da fitila a hannu.

Na kai littafin gida cikin kwandon cefane.
Na buɗe, tururuwa ce jere a kan fari,
ba wadda ta ce da ni kanzil.
Ɗan maƙwabciyata, Nicanor, shekararsa tara,
muka yi ciniki da shi:
soyayyar ayaba ɗaya, baƙi uku.
Yaron akwai tsada, akwai faɗa,
in na yi tuntuɓe ya buga ƙafa
kamar shi ya haife ni.

Wata bakwai ina rarrafe.
Kafin in isa ƙofar, na karanta sunan titinmu,
na karanta takardar ladana,
na ga inda ake gutsure min ba da sanina ba.

Sai ga ganyen, ya bushe a mazauninsa.
Na ɗage shi, yatsana na rawa.

Ashe ba ƙanen ba ne.
Maƙwabci ne ya zo aron ashana.

Na yi dariya har na share hawaye.
Wata bakwai saboda ashana!
Amma ban rufe ba. Na juya shafi,
na sake juyawa, har zakara ya yi cara,
ba mai ce min sai gobe.

Ran Lahadi na sa farar rigata,
na sami Evaristo kwance, yana kallon rufi.
Na ja kujera, na yi gyaran murya sau biyu,
na ɗora daga inda ya tsaya,
ina cin tuntuɓe, ina tashi.

Bai iya cewa komai ba.
Hannunsa mai rai ya lalubi cokali,
ya shiga ƙwanƙwasa ƙarfen gado.