Ƙugiya Ɗaya

Ƙarfe tara ta wuce a Ikeja,
an ja ƙofofin kasuwar kwamfuta.
Saura ni, da janareton Iya Bosede,
da injin Hajiya Kubura mai atamfa
da ke zafi kamar kaskon masa
alhali ba wanda ya sa shi aiki.

Na buɗe jerin ma'aikatan ciki.
Ga su nan sahu-sahu,
ba mai fuska, sai suna da lamba:
mai gadin ƙofa, mai riƙon agogo,
mai kai saƙo, mai sharar tsakar gida.
Goma sha biyu suna amsa suna guda.
Ba laifi ba ne, haka gidan ya gada.
A Zangon Agege ma, Garba nawa ne?

Sai ga na goma sha uku.
Rigarsa irin tasu, hularsa irin tasu,
amma harafi biyu sun yi musayar wuri a sunansa,
kamar mai sauri da ya sa takalmin dama a hagu.
Idon da ya gaji ba ya kama wannan.
Mu da muka san ƙugiya ɗaya
ke raba baki da baƙi,
ke raba kafa da ƙafa,
ai bai kamata a ci mu da wannan wasa ba.

Ban yi garaje ba. Bara na yi:
na ga wani yana lashe ƙwaƙwalwar inji,
na ce ga ɓarawo, na kashe shi nan take.
Allo ya yi shuɗi,
lissafin wata shida na wani ɗan canji ya bi ruwa.
Ashe ɗan gida ne, aiki ya yi masa yawa.
Tun ranar na daina kama mutum don yana gumi.

Sai na shimfiɗa wa wannan tabarma.

Ina kake kwana?
'Yan gida ɗakinsu ɗaya ne, can ƙurya.
Shi kuwa a rumfar wucin gadi yake,
inda ake jibge tarkacen da aka sauke.

Wa ya haife ka?
Sauran, uwa ɗaya ke tashinsu da an kunna inji.
Shi wata takardar rasit ce ta haife shi,
wadda Hajiya ta buɗe ran Talata
tana murnar kayanta sun iso Apapa.

Ina hatimin wanda ya aiko ka?
Shiru.

To wa kake kira da tsakar dare,
duk bayan minti biyar,
a ƙasar da Hajiya ba ta da ko ɗan aike?

Na zare wayar sadarwa, bakinsa ya mutu.
Na bi sawu har inda ya binne mabuɗin dawowa,
na tone, na ƙone.
Fanka ta sauke numfashi.
Na rubuta a bayan kwali: Hajiya, kafin ki karya,
sauya duk kalmomin sirri, ki kira banki.

A Mangoro, kan hanyar gida,
tocila ta faɗo mini a ido.
Mai kaki ne, ya ɗan tsinci Hausa a wani wuri.
"Sunanka?"
"Barau."
Ya yi dariya: "Ɓarawo?"
Na ce a'a, ranka ya daɗe, babu ƙugiya.
Barau ɗan Ilu mahauci,
layin bayan masallaci, ɗaki na huɗu.
Ga katina, ga hatimi.

Yana juya katin a ƙarƙashin haske,
ni kuma ina karanta ƙirjinsa:
sunan da aka ɗinka da zare iri biyu,
lambar da ta rasa harafi ɗaya,
ba mota a kusa, ba abokin aiki,
sai waya da ke ta ƙara a aljihunsa.

Tambayoyina huɗu suka taru a maƙogwaro.
Na haɗiye su,
na miƙa ɗari biyar.