Babi na Huɗu

Ranar Talata ka ce in zo Alhamis
in karɓi babi na huɗu.
Laraba da la'asar waya ta yi ƙara,
ina tsugune a fadamar Auyo, hannuna duk laka:
"Dakta Ilu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci."
Na ce, wane Ilun?
Kamar akwai biyu.

Kai ka koya min ɗanɗana ƙasa da harshe
kafin a kai ta ɗakin gwaji.
Ka ce manomi ya riga littafi sanin kanwa.
Kana tuɓe takalmi in za ka shiga gonar mutum,
ka rusuna wa Baba Cindo kamar shi ne farfesan.

Sau nawa ka biya min kuɗin mota daga Haɗeja,
ka ce bashi ne, in biya wani yaro nan gaba?

Bayan sadakar uku maiɗakinka ta miƙo min takardun.
Jan biro ko'ina,
har shafi na sittin da biyu.
Nan ka rubuta, "Wannan lissafin bai yi ba, domin"
sai fari fat.

Domin me, Malam?
Na juya takardar har ta soma yagewa.

Bana kanwa ta sake tasowa a gonar Baba Cindo,
shinkafa ta yi ja tun ba ta yi ciki ba.
Na tsuguna, na ɗanɗana,
na waiwaya in faɗa maka.

Allah ya sa ƙasar nan da ka ƙaunata
ta yi maka taushi.