Sawu a Kan Tabarma

Na dawo daga lakkwal da azahar, alli a hannun riga.
Kwaɗon yana rataye yadda na bar shi,
amma ɗaki ya faɗa mini an shiga.
Buta ta juya baki gabas, ni yamma nake barin ta.
A kan tabarma ga sawun takalmi mai faɗi,
jan rairayin Tawa kwance a cikinsa,
ga ƙamshin turaren da ba nawa ba
yana rataye a iska kamar tufar wani.

Ba a ɗauki komai ba.
Jikka bakwai na cikin gwangwanin madara,
rediyo na nan, takardun yara na nan da jan birona.
Da an ɗauka, da na san sunan abin,
da na san ƙofar da zan kai kuka.

Matashin kai ne aka ɗaga.
A ƙarƙashinsa zanen Tsahara yake,
shekara biyu da rasuwarta, ban wanke shi ba.
Kusa da shi kwalin maganin da nake sha a ɓoye,
wanda ko ƙanena na Madawa bai san da shi ba.
An mai da matashin, amma a karkace.

Da la'asar na iske Alhaji Nomau a gindin dogon yaro,
makullai goma sha a kunkumi suna ƙara kamar akayau.
Ya ce, "Mushe, yoyo na je dubawa."
Yoyo a watan Maris, Alhaji?
Tun Agusta nake faɗa maka,
lokacin da Babaye ta cika ta tumbatsa,
ina tara ruwan rufinka a kwano uku,
ka ce sai ɗanka ya aiko daga Abijan.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
kuma ba ƙarƙashin matashi ba ne.

Ya ce, "Gidana ne."
Haka ne. Bulo naka, kwano naka,
ƙofar ƙarfe taka, har da tsatsarta.
Amma ran biyar ga wata, da na miƙa jikka ashirin
ka lasa yatsa ka ƙidaya,
me kake tsammani na saya?
Ba bango na saya ba.
Na sayi wurin tuɓe hula,
wurin da namiji zai yi hawaye ba shaida,
wurin da zan bar ƙwaryar fura a buɗe
in dawo in same ta da ƙudajenta kaɗai.

Kai da ke sahun farko a masallacin Wadata,
ai ka ji liman: sallama uku,
in ba a amsa ba, a koma.
Bai ce ban da mai riƙe da makulli ba.

Washegari a wurin mai shayi
wani ya riƙe hannuna ya daɗe,
ya ce, "Mushe, yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."
Ban gaya wa kowa ba ni da lafiya ba.
Shayin ya huce a gabana.

Ran Lahadi na ratsa kasuwa,
na wuce masu albasa da masu cuku,
na sayi kwaɗo sabo, makulli uku.
Ɗaya a aljihu, ɗaya a lakkwal,
ɗaya na ƙulle a bakin zanen Tsahara.
Mai unguwa ya saurare mu duka biyu,
ya ce wa Alhaji, "Wanda ka ba haya, ka ba shi ƙofa."

Jiya da magariba na ji ƙarar makullai a tsakar gida.
Ta tsaya.
"Salamu alaikum."
Ina zaune, ina gyaran fitila.
"Salamu alaikum, Mushe."
Na ninke zanen, na gyara matashi.
Sai a ta uku na amsa,
na fito da tabarma waje.