Ba Ta Tari

Shekari ya miƙo min waya a Panteka,
hannuna duk baƙin mai.
Wai ga motar daji tana tafe,
ba tanki, ba salansa.

Na ce, buɗa hoton.
Ta tattare ƙasa kamar mai shirin haye rafi,
tayoyinta da haƙora.
Batir kuwa shimfiɗe a ƙarƙashin ciki.
Nan na yi tsai.

Hanyar gonar citta bayan Kagarko,
a tsakiyar damina, laka har gwiwa.
In caji ya ƙare can fa?
Jarka ba ta ɗaukar wuta.

Duk da haka na daɗe ina kallo.
Shekara talatin da kunne nake gane ciwon mota.
Wannan, an ce, ko tari ba ta yi.